Muhawara: Da gaske ne sauyin yanayi ya cinye kashi 90 na Tafkin Chadi?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Kusan duk taron da za a yi kan sauyin yanayi sai an ɗauko Tafkin Chadi a matsayin hujja. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ruwan da ake gani a fili bai wuce 2,000 ba, wato kashi 90 cikin ɗari sun tafi. Ni ina kan wannan magana, kuma ina ganin ɗumamar duniya ce ta jawo. To amma wasu masana ruwa na cewa tafkin ba ƙafewa yake yi ba, har ma ya ɗan farfaɗo. Hotunan tauraron ɗan'adam kowa ya gan su. Baga da take bakin ruwa a da, yau sai an yi tafiya kafin a iske ruwan. Mai hujja ya kawo, domin amsar ce za ta nuna inda ya kamata a zuba kuɗi: a jawo ruwa daga Kwango, ko a kama wata hanya.

Injiniya Bukar: Wa'alaikumus salam, Allah ya gafarta malam. Alƙaluman nan biyu gaskiya ne, sai dai an ɗauki shekarar da tafkin ya fi cika a rabi na biyu na ƙarni na 20, aka gwada ta da shekarun da ya fi ƙafewa, sannan aka tsaya nan kamar ba a sake yin damina ba tun daga lokacin.

Mu fara da siffar tafkin. Tamkar faranti yake, ga faɗi babu zurfi. A yawancin wurare 'yan mitoci ne kawai, wani wurin ma bai kai tsayin mutum ba. Saboda haka ruwa ya sauka da mita ɗaya, gaɓa za ta ja da baya kilomita da yawa. Wajen kashi 90 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Chari da Logone yake fitowa, su kuma daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tuddan Adamawa na Kamaru suke tattaro shi. Ruwan saman da ya sauka a Monguno ko Diffa ba shi ke cika tafkin ba.

Ga lissafin, kowa zai iya yi da biro. Rana da iska na ɗauke kimanin mita 2 na ruwa daga saman tafkin a shekara. Idan faɗinsa 25,000 ne, kubik mita biliyan 50 ke nan ke tashi tururi. Ruwan saman da ke sauka kan tafkin kai tsaye, a ce milimita 300, yana mayar da biliyan 7 da rabi. Sauran wajen biliyan 40 dole koguna su kawo, kuma kusan abin da Chari ke kawowa ke nan a shekarun 1950 da 1960. Bayan farin 1972 zuwa 1974 abin da kogin ke kawowa ya faɗi zuwa kusan rabi. Raba biliyan 20 da mita 1.7, za ka samu faɗin da bai kai 12,000 ba. A 1984 kuwa kogin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa aka ga waɗancan hotuna. Tafkin yana bin kogin ne sawu da ƙafa, shekara da shekara.

Sannan ba wannan ne karo na farko ba. A farkon shekarun 1900, wani hafsan Faransa mai suna Jean Tilho ya auna tafkin ya tarar ɓangaren arewa ya koma fadama, wani wurin ya bushe. Shi ya kasa yanayin tafkin gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. A lokacin hayaƙin da ɗan'adam ya zuba a sama bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na yau.

Malam Sani: Injiniya, na ji lissafi. Amma me ya hana kogin kawo ruwa? Ai fari ne. Farin kuma daga ina? Kewaye ka yi ka dawo kan maganata.

Dakta Hadiza: Malam Sani, tambayarka ita ce zuciyar maganar, kuma amsarta ta sauya har sau uku a hannun masana.

A 1975 Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da sare itatuwa sun tsiraita ƙasa, ƙasa mai haske kuma tana mayar da hasken rana sama, iska ba ta ɗagawa ta haɗa hadari. An yi shekaru ana ɗora wa makiyaya da manoman Sahel laifin farin. Daga baya aka gano cewa wannan ba zai iya bayyana girman abin da ya faru ba. A 2003 binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta ya nuna cewa idan aka ba wa manhajar kwaikwayon yanayi zafin saman tekuna kaɗai, tana fitar da yawancin hawa da saukar daminar Sahel, har da farin shekarun 1970 da 1980.

Yadda abin ke aiki: damina a wajenmu wata ɗamarar hadari ce da ke hawowa daga kudu, kuma tana karkata zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan arewacin Tekun Atlantika ya yi sanyi a kan kudancinsa, ɗamarar ba ta hawowa arewa sosai, kuma ba ta daɗewa. Abin da ya faru ke nan a waɗancan shekaru. Me ya sanyaya arewacin tekun? Abu biyu. Akwai juyin da tekun ke yi da kansa cikin gomman shekaru. Akwai kuma ƙurar farar wuta da ke fita daga masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Turai da Amurka, wadda ke tare hasken rana. Da waɗannan ƙasashe suka kafa dokokin tsabtace iska, ƙurar ta ragu, tekun ya ɗumama, damina ta fara dawowa daga shekarun 1990.

Don haka hannun ɗan'adam yana cikin farin, a nan kana da gaskiya. Amma babban kason ba daga iskar da ke ɗumama duniya ba ne, wadda ake magana a kanta yau. Nawa ne na juyin teku, nawa ne na ƙura, har yanzu masana na ja a kai. Bambancin yana da amfani, domin idan ɗumamar duniya ce ta ƙafar da tafkin, to ya kamata ya ci gaba da ƙanƙancewa tunda zafin ƙaruwa yake ta yi. Hakan bai faru ba.

Usman: Dakta, ku yi haƙuri, kun bar ɓarawo kuna bin sawunsa. Noman rani fa? Akwai binciken Coe da Foley na 2001 da ya ce daga 1983 zuwa 1994 kusan rabin raguwar daga ɗibar ruwan ban-ruwa ne. Ga madatsar Maga a Kamaru tun 1979, ga Tiga tun 1974, ga Challawa tun 1992. Ruwan da aka tare a Kano ai ba zai isa Yobe ba.

Injiniya Bukar: Usman, binciken nan yana nan, kuma shi ne ya fi yawo a jaridu, amma masu auna kogunan sun musanta girman kason. Mu sake ɗaukar biro. Hekta ɗaya ta shinkafar rani na shan kamar kubik mita 15,000 a zango guda, har da asarar magudanai. Hekta 100,000 ke nan biliyan ɗaya da rabi. Giɓin da muke magana a kai biliyan 20 ne. Kafin ban-ruwa ya cinye rabin wannan sai an noma ɗaruruwan dubban hektoci a bakin Chari da Logone, kuma babu su a wancan lokaci.

Babban aikin ban-ruwa na Najeriya a yankin ma shaida ne a kan akasin haka. Aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi da ke New Marte an tsara shi kan hekta 67,000 na alkama da shinkafa, da magudanar da za ta jawo ruwa daga tafkin zuwa injinan tura ruwa. An zana shi bisa tsayin ruwan shekarun 1960. Kafin a gama, ruwa ya janye ya bar bakin magudanar a tudu. Aikin bai taɓa kusantar hektocin da aka tsara ba. Bai samu ruwan da zai sha ba balle ya ƙafar da tafki.

Komadugu Yobe kuwa, wato kogin da Tiga da Challawa ke tare wa ruwa, ko kafin a gina Tiga abin da take kai wa tafkin bai kai kashi 5 ba, domin yawancin ruwan yana bajewa a fadamun Hadejia da Nguru ya tashi ko ya nutse. Illar madatsun gaskiya ce, sai dai a kan fadamun ta sauka, ba a kan faɗin tafkin ba.

Malam Isuhu: Injiniya, a nan zan ja da kai kaɗan. Kashi 5 ƙarami ne idan ana maganar tafkin gaba ɗaya, amma Komadugu a kwarin arewa take zuba, wajen Bosso da Malam Fatori, kuma wannan kwarin shi ne mai ciwon. Tun 1973 tafkin ya rabu biyu. Wani tudu mai cike da ciyayi ya taso daga wajen Baga ya ratsa zuwa ɓangaren Chadi. Chari a kudu yake zuba, sai kwarin kudu ya cika ya tumbatsa sannan ruwa ke tsallakawa arewa, kuma ciyayin na rage masa gudu. Shekarar da ruwan ya gaza, arewa ba ta samun komai. An yi shekaru a 1980 da wani abu kwarin arewa a bushe ƙurmus, N'guigmi ta koma garin da babu tafki kusa da shi. Wanda ke Diffa idan ya ce tafki ya ƙafe bai yi ƙarya ba, wanda ke Bol ko Darak idan ya ce ruwa na nan shi ma bai yi ƙarya ba. Masu noman tattasai a bakin Komadugu kuma rayuwarsu na rataye ne kan watanni nawa kogin zai yi yana gudu, abin da ake yanke shawararsa a Tiga da Challawa.

Injiniya Bukar: Na karɓi wannan gyara, Malam Isuhu. A lissafin kwarin arewa Komadugu tana da nauyin da ya fi kasonta.

Malam Sani: To hotunan fa? Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Dakta Hadiza: Hotunan suna da matsala biyu. Ta farko, kyamarar da ke ɗaukar hoto da hasken rana ruwan da ke fili kaɗai take gani. Bayan farin, iri ya tsiro a ƙasan tafkin da ta bushe, da ruwa ya dawo sai ya shige ƙarƙashin ciyayi da kachalla da itatuwan ruwa. Daga sama kore ake gani, alhali kwalekwale na yawo a ciki. Murabba'in kilomita 2,000 da ake ta faɗa ruwan fili ne na gaban bakin Chari. Idan aka haɗa da wanda ke ƙarƙashin ciyayi, a shekarun nan faɗin kan haura 10,000 lokacin cika. Ta biyu ita ce watan da aka ɗauki hoton. Chari na kai ƙololuwa a N'Djamena wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, tafkin ya cika a Disamba da Janairu, ya yi ƙasa a Yuni da Yuli. Wanda ya jera hoton Janairu na wata shekara da na Yuni na wata zai nuna duk abin da ya ga dama.

Akwai na'urorin da ba su da wannan rauni. Tun 1992 taurarin ɗan'adam masu auna tsayin ruwa da na'urar rada suke bi ta kan tafkin, tun 2002 kuma ake auna nauyin ruwan da ke ƙasa da sama a yankin daga sararin samaniya. Binciken da aka buga a 2020 da waɗannan bayanai ya nuna kwarin kudu ya tsaya daram, har ya ɗan ƙaru, kuma jimillar ruwan yankin, musamman na ƙarƙashin ƙasa, ƙaruwa take.

Amma Malam, kada a fahimce ni da cewa ɗumamar duniya ba ta taɓa yankin ba. Ta taɓa shi sosai, ta wata fuska ce dabam. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7. Sahara kuma na ƙara zafi fiye da kudancinta, abin da ke ƙarfafa manyan hadarai. Binciken 2017 ya nuna mafi tsananin hadaran Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ma'anarsa ruwan shekara na iya zama daidai, amma ya zubo cikin 'yan kwanaki da ƙarfi, sannan a yi makonni babu ɗigo. Bayan ambaliyar 2022, masana na World Weather Attribution, ƙungiyar da ke auna hannun ɗumamar duniya a bala'o'in yanayi, sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta sa damina irin wannan a yankin Tafkin Chadi ta fi yiwuwa kamar sau 80, kuma ta ƙara mata yawa da kusan kashi 20. A 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Wannan ce fuskar da ya kamata mu shirya wa.

Usman: Alau kam ban yarda a jingina wa yanayi ba. An yi irin wannan ambaliya a 1994, shekara 30 ke nan ana da gargaɗi. Madatsar ƙasa tana buƙatar a riƙa duba tsagewa da yoyo a gindinta, a cire itatuwan da saiwarsu ke huda ta, a auna lakar da ta cike tafkinta, a buɗe ƙofofi a rage ruwa kafin Agusta ta ƙare. Kuma an bar mutane sun yi gini a hanyar Ngadda. Idan muka ce sauyin yanayi, mai alhakin gyara ya samu mafaka.

Dakta Hadiza: Dukansu biyun ne, ɗan'uwa. Ruwan ya fi na da, madatsar kuma ba a shirya ta ba. Mafitar ambaliyar kowace madatsa ana zana ta ne bisa ruwan da ake tsammani sau ɗaya cikin ɗaruruwan shekaru, daga bayanan da aka tattara a baya. Madatsar da aka zana da bayanan shekarun fari tana buƙatar a sake mata lissafi da na yanzu, a faɗaɗa mafitar idan ta gaza. Sanin cewa ruwan na ƙaruwa nauyi yake ƙara wa mai gyara, bai sauke masa ba.

Alhaji Modu: Ni abin da nake so masu cewa a dawo da tafkin 1963 su sani shi ne, ƙasar da ruwa ya janye ya bari ita ce ke ciyar da mutane yanzu. Wajen mutum miliyan 2 ke zaune a bakin tafkin da tsibiransa, kuma da yawansu bayan farin suka zo, har da Hausawa masunta da manoma daga Sakkwato da Kabi da Hadejia, saboda a nan ne ake samun abinci lokacin da tudu ya gaza. Ruwan tafkin na fara janyewa daga Janairu, ana bin sa ana shuka masara da wake a laka mai danshi, babu taki babu ban-ruwa. Bayan girbi shanu su shigo. Ruwa ya dawo, kifi ya hayayyafa a cikin ciyayin. Fili ɗaya, amfani uku a shekara.

Kifin ma sauyawa ya yi, bai ƙare ba. Na buɗaɗɗen ruwa ya ragu, tarwaɗa da karfasa da bargi masu jure ruwa mara zurfi suka yawaita, su ne bandar da ke fita daga Doron Baga zuwa kudu. Abin da ke kashe kifi shi ne dumba, a jera gura, wato tarkon kifi, a toshe mashigar ruwa gaba ɗaya lokacin da kifi ke shiga ciyayi don yin ƙwai, da kuma raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'ya. Abin da ya durƙusar da kasuwar kuma rashin tsaro ne: hana kamun kifi da safararsa, rufe hanyoyi, kwashe mutane daga tsibirai kamar yadda aka yi a ɓangaren Nijar a 2015, da harajin da 'yan bindiga ke karɓa. Ruwa na nan, isa gare shi ne ya gagara.

Malam Sani: Alhaji, to ai ana cewa ƙafewar tafkin ce ta haifi Boko Haram.

Alhaji Modu: A cikin birnin Maiduguri ta taso, Malam, ta ɗauki makami a 2009, lokacin da tafkin ya riga ya fi na 1984 ruwa. Daga baya ta shiga tsibiran saboda ciyayi da ruwa sun ba ta maɓoya, ga kuɗin kifi. Inda yanayi ya shigo shi ne, a da idan ruwa ya sauya wuri mutane bin sa suke yi, masunci ya koma manomi, manomi ya koma masunci. Yanzu an takure su wuri guda, ruwan kuma ba a san inda zai tsaya ba, sai rikici kan ɗan filin da ya rage.

Malam Sani: Duk da haka ban ga laifin jawo ruwa ba. Taron Abuja na Fabrairu 2018 ya goyi bayan Transaqua, shirin jawo ruwa daga Kwango zuwa tafkin. Kogin Kwango na zubar da ruwa a teku a banza.

Injiniya Bukar: Tsarin da kamfanin Bonifica na Italiya ya fito da shi magudana ce mai tsawon kilomita 2,400, ta tare rassan Kwango na dama ta kai ruwan kan Chari, har kubik mita biliyan 100 a shekara a zanen farko. Kuɗin da ake ambata dala biliyan 50 ne. Ka tuna Chari a shekarunsa na ƙoshi biliyan 40 yake kawowa. Ina za a zuba ninki biyu da rabi na wannan a shekara irin 2022, da kogin da kansa ya shiga unguwannin N'Djamena? Gonakin da Alhaji ya lissafa duk za su nutse, tare da garuruwan da aka kafa a tsohon gindin tafkin. Hawa da saukar ruwa, wadda ita ce ke ba da noma da kifi da kiwo, za ta ragu. 'Yan siyasar Kwango sun fito fili sun ƙi, hanyar kuma ta ratsa yankunan da ake yaƙi. Sannan kowace shekara mita 2 daga saman duk inda ruwan da aka jawo ya baje zai tashi sama. Wannan shi ne kuskuren New Marte a babban sikeli: a ɗauka yanayin da aka gani jiya shi ne na gobe.

Malam Isuhu: Injiniya, mu na arewa ba mu da wannan nutsuwar. Idan shekaru irin na 1980 suka dawo, kuma babu mai iya rantsuwa ba za su dawo ba, yawan mutanen ya ninka na wancan lokaci. An san cewa ruwan sama ya ragu da kashi 10 a yankin Chari, kogin kan ragu da kusan kashi 30. Ƙaramin jawo ruwa daga Ubangi, reshen kogin Kwango, wanda za a buɗe a shekarar fari a rufe a shekarar ambaliya, ban ga dalilin kore shi ba tun kafin a yi nazari. Ko aƙalla a yashe hanyoyi ta cikin tudun nan don ruwa ya riƙa isa arewa da wuri.

Injiniya Bukar: Yashe tudun yana da nasa haɗari. Kwarin arewa ya fi na kudu zurfi. Ka buɗe hanya babu ƙofa, a shekarar ƙarancin ruwa za ka tsiyaye kudu ka zuba a inda zai baje ya tashi, a rasa duka biyun. Sai an yi da ƙofofi da yarjejeniyar ƙasashen Hukumar Tafkin Chadi kan tsayin da za a buɗe. Ubangi kuwa shi ma a shekarun fari raguwa yake, har jiragen ruwan Bangui su kasa tafiya, wato lokacin da muka fi buƙata shi ne lokacin da masu shi ba za su bayar ba.

Malama Falmata: Ku bar ni in sauko da maganar ƙasa, domin akwai abin da za a iya yi bana da kuɗi kaɗan.

Ruwan da zai cika tafkin a Disamba yana wucewa ta Sarh da Moundou makonni da yawa kafin haka. Sandar auna ruwa a kafe da kankare a bakin kogi, mutum ɗaya ya karanta ta kowace safiya a lokaci guda ya aika ta waya, ya isa a gaya wa manomin Marte ko Bosso tun Oktoba cewa bana ruwa zai haura na bara ko zai gaza. Asarar da ta fi yawa a bakin tafki ita ce ruwa ya zo da wuri ya cinye masarar da ba a girbe ba, ko a share fili a jira ruwa bai iso ba. Sanarwar ta fita a rediyo da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, ba a takardar taro ba. Hasashen damina na hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, da na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ma haka.

Ga manomin tudu, matsalar yanzu ruwan farko mai yaudara ne. Ƙa'idar da ake amfani da ita a Sahel: kada a shuka sai an samu milimita 20 cikin kwana uku, kuma hasashe bai nuna tsaikon da ya wuce mako guda ba. Ma'aunin ruwan a kafa shi a fili, nesa da itace ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a daidaice, in ba haka ba ƙarya zai bayar. A raba iri gida biyu, kada a zuba duka a shukar farko.

A ƙasar firgi kuma, wato baƙar laka mai riƙe danshi, masakwa, dawar rani da ake dasawa, ta riga ta dace da irin wannan yanayi. Ana ɗaga ƙananan kunyoyi kafin damina don ruwa ya kwanta ya jiƙa lakar sosai. A yi reno a ƙasa mai yashi wajen Agusta zuwa Satumba, kashi biyu ko uku da tazarar kwana goma, domin ba a san ranar da ruwa zai janye ba. Dashe ya kai wata guda zuwa kwana 40, a datse ganye da saiwa kaɗan, a huda rami da turke kamar taƙi ɗaya, a zuba ruwa, a sa dashe biyu, tazara kamar mita guda. Abin da ke ɓata ta: a dasa ƙasa ta riga ta tsage, ko a bar ciyawa ta shanye danshin, ko a matse tazara. Girbi a Janairu zuwa Fabrairu, ba tare da ɗigon ruwan sama ba.

Usman: Malama, ki ƙara da kachalla. Sakin ruwa daga Tiga da Challawa duk shekara babu yankewa shi ya ba ta wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan Hadejia, ruwa ya karkata Nguru ya yi yawa, Gashua zuwa Geidam ya yi kaɗan. Ƙona ta ba ya kashe ta, saiwar na ƙasa. A yanke ta ƙarƙashin ruwa da kamar taƙi guda don kututturen ya nutse ya rasa iska, a maimaita sau biyu ko uku kafin ta yi fure. Amma idan ba a sauya yadda ake sakin ruwan ba, a bar hanyoyin su bushe na wasu makonni da rani sannan a saki mai yawa a Agusta, za ta dawo cikin shekara biyu. A Kamaru an gwada mayar da ambaliya fadamar Waza Logone a 1994 bayan illar Maga, ciyawar kiwo da kifi suka farfaɗo a inda ruwan ya kai.

Malam Sani: Na sauka daga kan kashi 90, hujjar ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi da lissafin Chari sun gamsar da ni. Amma ina tare da Malam Isuhu kan cewa kada a rufe maganar Ubangi. Dakta, hasashen gaba me yake cewa game da Chari?

Dakta Hadiza: Yawancin manhajojin na nuna tsakiya da gabashin Sahel za su ƙara samun ruwa, yammaci wajen Senegal ya ragu, amma sun saɓa wa juna kan yawan. Abin da suka haɗu a kai shi ne ƙarin zafi da ƙarin ruwa mai ƙarfi. Ƙarin zafi na nufin tururin da Injiniya ya lissafa da mita 2 zai haura, don haka ko Chari ya ƙaru, wani kaso zai tafi a nan. Duk aikin da za a gina, a gwada zanensa da shekarar 1984 da kuma 2022. Famfo da bututun da za a iya ɗauka a bi ruwa da su sun fi magudanar kankare da aka kafe wuri guda.

Malam Isuhu: To a gwada Ubangi da waɗannan shekaru biyun, a buga sakamakon kowa ya gani. Kafin nan, masu Tiga da Challawa su riƙa sanar da ranakun sakin ruwa tun Yuni, har a ji a Diffa, don mai tattasai ya san lokacin da zai yi reno.